Wa Yake Yin Lissafin a Ciki?

Ina aji biyu a jami'a mahaifina ya yi mini tambayar da ta fi ƙarfina. Da dare ne, bayan isha'i, a tsakar gidanmu da ke Agege. Yana zaune a kan tabarma yana haɗa cinikin ranar da 'yar kalkuletarsa, wadda lambobinta suka kusa gogewa don yawan dannawa. Sai ya ɗago ya ce, "Ɗan boko, kai da ka ce kwamfuta kake karantawa, in na danna biyar na danna uku, wa yake haɗa su a cikin abin nan ya ba ni takwas?"

Na ce ai akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa a ciki. Ya ce ya ji, amma ita ƙwaƙwalwar yaya take yi, tunda ba rai gare ta ba? Na ce tsara ta aka yi. Ya ce da me? Nan na tsaya. Bai yi mini dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "To, Allah ya sa a sani," ya mai da kansa kan littafin bashi. Da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi.

Gidanmu gidan goro ne. Fataucinsa ne ya kawo kakana daga Kano a jirgin ƙasa, ya zauna a Agege kamar yadda Hausawa da yawa suka yi, Baba kuma ya gaje shi. Na tashi ina ganin yadda ake kwance huhu, a ware marsa daga minu, a tsince wanda sankara ta taɓa kafin ya ɓata sauran, a ƙirga ɗari-ɗari a ce ƙwarya. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana wannan aiki ba ya yarda da abin da bai ga cikinsa ba. Ko huhun amininsa ne sai ya zura hannu har ƙasa. Saboda haka na san tambayarsa ba ta gwaji ba ce, so yake ya sani.

A wannan zangon karatun ne muke da kwas ɗin tsarin ginin kwamfuta da harshen asambili, wato harshen ƙananan umarnai da ake ba injin kai tsaye. Mu ɗaruruwa ne a zauren lakca, mai zama a baya sai dai ya kwafi littafin na gaba. Malamin zai rubuta MOV AX, 5 a allo, ya rubuta ADD AX, 3 a ƙasansa, ya ce yanzu AX, wata 'yar ma'ajiyar lamba da ake kira rajista, tana riƙe da takwas. Ni kuwa na riga na ɗanɗana harshen rubuta furogiram na Python a aji ɗaya, inda layi guda ke yi maka aikin da a nan sai ka rubuta layi talatin. Sai zuciyata ta raina kwas ɗin. Na ce wannan tsohon yayi ne, furosesar da ake koya mana, wato ƙwaƙwalwar da ke aiwatar da umarni, Intel 8086, tun 1978 aka fito da ita, ko Yayana ba a haifa ba. Na koma hadda. Na haddace sunayen rajistoci, na haddace zanen tsarin kwamfuta na von Neumann, na haddace tambayoyin shekarun baya da amsoshinsu kamar mai shirin musabaƙa.

Ranar jarrabawa aka ba mu furogiram mai layi goma sha biyu, aka ce mu bi shi layi-layi mu faɗi abin da ke cikin kowace rajista a ƙarshe. Ba ya cikin waɗanda na haddace. Na zauna ina kallon takarda har aka ce a ajiye biro. Da sakamako ya fito na ga F a gaban lambata. Karon farko ke nan da na faɗi wani darasi tun daga firamare. Na hau danfo zuwa gida ban san lokacin da muka wuce Oshodi ba, kuma na yi sati biyu ban gaya wa kowa ba sai Inna. Ita ce ta gaya wa Baba. Abin da ya ce shi ne in je in sake, kuɗin makaranta ba daga aljihuna yake fita ba.

Ana cikin haka malaman jami'o'i suka shiga yajin aiki a watan Fabrairun 2022, wanda bai ƙare ba sai Oktoba. Wata takwas. Yayana yana da tebur na gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja, wajen titin Otigba, ya ce maimakon zaman gida in riƙa binsa. Kullum da safe mu fito daga Agege mu sauka Ikeja, mu kutsa cikin wannan cinkoso da ƙarar janareta da masu jan rigarka suna tambayar ko waya za ka sayar. Aikina shi ne kwance sukurori, miƙa kaya, da tsare tebur in ya tafi salla.

Wata rana aka kawo wayar da ta faɗa ruwa. Yaya ya ciro fanel ɗinta ya sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ce in leƙa. Ya nuna mini furosesar wayar, wani baƙin murabba'i da bai kai farcen babban yatsa ba, ya ce, "Ka ga wannan? Shi ne mai gidan. In ya mutu, sai dai a sayar da sauran a matsayin kayan gyara." Yaya bai wuce sakandare ba, amma ya san wace hanya ce ke kai wuta ga wannan murabba'i, ya san wanda ke kusa da shi shi ne ma'ajiya, yana sa mita ya gaya maka inda layi ya yanke. Ya san gidan ta waje ƙofa-ƙofa. Ni da aka tura in koyo cikin gidan, ban san komai ba sai sunaye. A wannan tebur ne kunya ta kama ni sosai, irin wadda ke sa mutum ya tashi ya yi wani abu.

Akwai wata tsohuwar laftof da mai ita ya bari bai dawo ba, batirinta ya mutu, sai an jona take kamawa. Yaya ya ce in ɗauka. Na sa mata emu8086, manhajar da ke kwaikwayon waccan tsohuwar furosesa, wadda za ka iya danna maɓalli ta aiwatar da umarni ɗaya tak ta tsaya, kana kallon yadda lambobi ke canzawa a cikin rajistoci. Wannan danna-ɗaya-tsaya shi ne ya buɗe mini ido. Na ga abin da aka yi ta faɗa mana a aji yana faruwa a gabana: akwai wata rajista mai suna IP da ke nuna inda umarni na gaba yake, furosesa ta je ta ɗauko shi, ta gane abin da yake nufi, ta aikata, IP ta matsa gaba. Shi ke nan. Ɗauko, gane, aikata, sake ɗaukowa. Duk abin da waya ke yi, daga kiran bidiyo har tura kuɗi, wannan zagayen ne ake maimaitawa sau biliyoyi a cikin daƙiƙa guda.

Da na daina hadda sai na ga ashe shagon Baba ma haka yake tafiya. Rajista ita ce hannun mai ƙirga: abin da ke cikinta kaɗan ne, amma nan take ake aiki da shi. A 8086 manyan hannuwan guda huɗu ne, AX da BX da CX da DX, kowace tana ɗaukar bit 16, gurbi 16 na sifili ko ɗaya, wato lamba daga sifili zuwa 65,535. RAM kuma ita ce sito, tana da faɗi amma sai an tashi an je. A furosesoshin zamani tafiya sito na iya cin lokacin da ya ninka na aikin hannu sau ɗari ko fiye, shi ya sa aka sa wata ƙaramar ma'ajiya mai sauri a tsakani, wadda ake kira kash, kamar farantin da Baba ke cikawa ya ajiye a gabansa don kada kowane mai sayen goron ɗari biyu ya sa a buɗe huhu. Har abin da ya fi ruɗa ni a aji, wato yadda 8086 ke haɗa lamba biyu ta samar da adireshi ɗaya, ya zo ya zauna. Layukan adireshinta 20 ne, suna iya kaiwa gurbi 1,048,576, amma rajistocinta bit 16 ne, ba za su iya riƙe adireshi mai wannan tsawo ba. Sai aka raba shi biyu kamar unguwa da lambar gida: a ninka lambar unguwa sau 16, a ƙara lambar gida. Dabara ce ta mutanen da suka ga hannunsu bai kai ba suka ƙara sanda.

Amma inda na koyi karatun da gaske shi ne wani ɗan aiki da na ɗauka na minti goma ne. So nake in sa lamba 257 a AX, in sa ta fito a fuskar kwamfuta. A Python kalma ɗaya ce. A asambili babu wanda zai yi maka. Fuskar kwamfuta ba ta san lamba ba, haruffa ta sani, kuma kowane harafi da lambarsa a jadawalin ASCII: sifili 48 ne, ɗaya 49, haka har tara. Saboda haka dole ka fasa 257 gida uku da kanka. Ka raba da goma, saura bakwai. Ka raba 25 da goma, saura biyar. Ka raba biyu, saura biyu. Ga su sun fito, amma a juye: bakwai, biyar, biyu. A nan ne sitak ke shigowa, wani wuri a ma'ajiya da ake jibga abu kamar yadda ake jibga huhu a sito, wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa. Ka tura bakwai da PUSH, ka tura biyar, ka tura biyu, sannan ka ciro da POP su fito biyu, biyar, bakwai. Kowanne ka ƙara masa 48, ka sa a rajistar DL, ka sa 2 a rajistar AH, ka kira umarnin INT 21h ya buga shi.

Na rubuta duk wannan daidai, a ganina. Na kunna, rabon farko ya wuce lafiya, daga nan lissafi ya rikice, wasu lambobi da ban san daga inda suka fito ba suka cika AX, furogiram ya ƙi ƙarewa. Dare uku ina kansa. A dare na biyu aka ɗauke wuta ina tsakiyar bin layuka, laftof ɗin da ba batir ta mutu nan take, na koma bi da biro a bayan wata tsohuwar takardar rasit da fitilar waya. Inna ta leƙo wajen ƙarfe biyu ta ce, "Kai ɗan nan, ido ba ƙarfe ba ne, ka kwanta." Na ce to, ban kwanta ba.

A dare na uku na zana rajistocin huɗu a takarda, na ce zan zama ni ne furosesar, ba zan yi komai ba sai abin da layin ya ce. Da na iso DIV, umarnin rabawa, karo na biyu na tsaya na sake karanta bayaninsa a hankali. Ashe in kana raba da lamba mai bit 16, ba AX kaɗai yake rabawa ba, DX da AX yake haɗawa su zama doguwar lamba ɗaya, sannan ya ajiye saura a DX. To ni bakwai ɗin da ta rage daga rabon farko tana nan zaune a DX ban share ta ba. Da aka zo zagaye na biyu, maimakon 25, injin ya raba 458,777. Bai yi kuskure ba ko kaɗan, abin da na ba shi ya raba. Na ƙara layi ɗaya, XOR DX, DX, wanda ke mai da DX sifili. Da wuta ta dawo gab da asuba na kunna, 257 ta fito fara tas a kan baƙin allo. Na daɗe ina kallonta. Na yi alwala na tafi masallaci ina jin wani irin sanyi a ƙirji da ban taɓa ji ba a kan karatu.

Tun daga ranar na daina cewa kwamfuta ta ƙi. Ba ta ƙi, ba ta so, ba ta gajiya da kai, ba ta kuma rufa maka asiri. A ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa bai kamata a cire kwas ɗin nan daga manhajar karatu ba, duk da masu cewa ba wanda zai ɗauke ka aiki don ka iya 8086. Gaskiya ne, da wuya ka ga ana rubuta babbar manhaja da asambili yau. Amma duk abin da ka rubuta da C ko Java ko Python, a ƙarshe irin waɗannan ƙananan umarnai ne ke gudana a kan ƙarfen. Wanda ya taɓa sauka can ƙasa ya san dalilin da ya sa wani furogiram ke jan ƙafa, ya san yadda ɓarayin intanet ke cusa bayanai fiye da gurbin da aka tanada har su taka adireshin komawa da ke kan sitak su karkatar da furogiram inda suke so. Abin da nake ƙi shi ne a koyar da shi da alli kawai. Wanda bai taɓa danna umarni ɗaya ya ga rajista ta canza ba, ko ya ci A, labari ya ji.

Akwai wani abu da ya taɓa ni ta wata fuskar. Da hannuna ya faɗa, sai na ce bari in sa kwamfutar ta rubuta "Barka da ƙoƙari". Ta buga komai daidai, amma a gurbin kowace ƙ sai ga wasu alamomi biyu marasa ma'ana. Na bincika na gano cewa ASCII gurbi 128 gare shi, an tsara shi a Amurka don haruffan Ingilishi, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. A tsarin Unicode da ya zo daga baya an ba su mazauni, kuma a rubutun UTF-8 harafin ƙ bayit biyu yake ci, wato gurbin harafi biyu, C6 da 99, shi kuwa tsohon tsarin DOS da manhajar ke kwaikwayo ya ɗauki kowane bayit a matsayin harafi dabam. Na zauna ina tunanin cewa ashe ƙugiyar da muke sa wa harafi, wadda ke raba ƙafa da kafa, sai da wasu suka zauna suka ware mata lamba kafin ta sami shiga injin. In ba mu da mutanenmu a irin wuraren da ake yanke wannan shawara, kullum sai dai mu jira a tuna da mu. Samarinmu a Legas sun cika kasuwar waya, sun iya gyara, sun iya saye da sayarwa, kuma ina girmama wannan don da shi aka biya mini kuɗin mota shekara huɗu. Amma ina so in ga ƙannenmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 sun shiga har cikin baƙin murabba'in nan. Ƙofar ma a buɗe take fiye da da. Kusan duk wayar da ke kan teburin Yaya tsarin ARM ne a cikinta, wanda wani ƙaramin kamfani mai suna Acorn ya fara a Kambirij ta Ingila, furosesarsu ta farko ta fara aiki a 1985. Ga kuma RISC-V da aka fara a jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a 2010, wanda kowa ke da izinin ya ɗauki tsarin umarninsa ya gina tasa furosesar ba tare da biyan kuɗin lasisi ba.

Da aka koma makaranta na sake zama ajin tare da ƙannena na shekarar baya. Na riƙa zuwa da wuri ina kama kujerar gaba. Na sami B. Na so A, amma wannan B ɗin na san kowane maki da ke cikinta daga ina ya zo.

Ranar da sakamakon ya fito ban nuna wa Baba takarda ba. Bayan isha'i na ɗebo goro a faranti, fari da ja, na zauna a gefen tabarmarsa. Na ce, "Baba, tambayar da ka yi mini kwanakin baya, na zo da amsa." Ya ce wace? Na ce ta biyar da uku. Ya ajiye biro ya gyara zama.

Na jera farin goro takwas a layi. Na ce masa a cikin injin akwai 'yan makunnai ƙanana da ake kira tiransista, kowanne ko dai a kunne yake ko a kashe, ba na uku. Fari a kashe, ja a kunne. Gurbin farko daga dama darajarsa ɗaya, na biyu biyu, na uku huɗu, na huɗu takwas, haka ake ninkawa har 128. Na sa ja a gurbin huɗu da gurbin ɗaya, na ce nawa ke nan? Ya ce biyar. A layi na biyu na sa ja a gurbin biyu da na ɗaya. Ya ce uku, tun kafin in tambaya. Na ce to ƙa'idar ɗaya ce tak, kuma da wayar wuta aka ɗaura ta, ba koya wa injin aka yi ba: in ja ɗaya ne a gurbi, a sauke ja, in ja biyu suka haɗu, a sauke fari a kai ja ɗaya gurbi na gaba. Makunni biyu a jere, wuta ba ta wucewa sai an kunna duka biyun, wannan shi ke ba da na kaiwa gaba. Muka bi tare. Gurbin ɗaya ja biyu, fari, a kai gaba. Gurbin biyu ja ya haɗu da wanda aka kawo, fari, a kai gaba. Gurbin huɗu haka. Ja guda ya sauka a gurbin takwas shi kaɗai.

Baba ya daɗe yana kallon goron. Sannan ya ce, "Wato ba kowa a ciki." Na ce ba kowa, Baba, hanya ce aka gyara wa wuta. Na gaya masa cewa furosesar farko da Intel ta fitar kasuwa a 1971, mai suna 4004, don kalkuleta aka yi ta, ta wani kamfanin Japan mai suna Busicom, kuma tiransista 2,300 ne a cikinta. Ya ɗauki tasa kalkuletar ya juya ta ya dubi bayanta.

Sai ya miƙa hannu da kansa ya mai da duka takwas ɗin ja, ya haɗa a ka ya ce 255. Ya ce, "In na ƙara ɗaya fa?" Muka bi, duk suka koma fari, ja guda ya rage a hannunsa ba gurbin sa shi. Ya ce, "Wannan in a kasuwa ne an yi asara ke nan." Na ce ba a yar da shi, akwai wani gurbi guda a gefe da ake kira tutar kai-gaba, nan ake ajiye shi, amma sai mai rubuta furogiram ya tuna ya duba. Ya gyaɗa kai ya ajiye jan goron a gefen tabarma, nesa kaɗan da sauran.

Ya kira Inna ya ce ta zo ta gani. Sannan ya tattara goron ya sake jera fari takwas, ya turo mini farantin ya ce, "To, ɗebewa fa? Cire uku daga biyar in gani."